Malam Muhammadu Alkashinawi: Bakatsinen Da Ya Koyar Da Lissafi A Birnin Alƙahira

 Yau za mu leƙa rayuwar wani malami ɗan ƙasar Hausa wanda ya bar duniya fiye da shekara 280 da suka wuce, amma har gobe masana lissafi a Masar da Turai da Amurka suna ambaton sunansa. Wannan bawan Allah kuwa shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillatani, wanda Larabawa suka fi sani da Alkashinawi, wato Bakatsine.

Dalilinmu na ɗauko tarihinsa guda biyu ne. Na farko, akwai masu ɗaukar lissafi a matsayin ilimin da Nasara ya zo da shi tare da lakwal, har wasu iyaye na ganin ɓata lokaci ne yaro ya zurfafa a cikinsa tun da ya iya ƙirga canji. Na biyu, irin tunanin da wannan malami ya yi aiki da shi a kan takarda, shi ne ake koya wa ɗalibai masu harhaɗa na'urori a yau, kuma shi ke aiki cikin talhon da ke aljihun kowane ɗan kasuwa. Za mu bi abin daki-daki.

ASALINSA DA ZAMANINSA

Mafi yawan abin da aka sani game da Malam Muhammadu ya zo ne daga shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti, wanda a gidan mahaifinsa Malam ya ƙare rayuwarsa. Aljabarti ya jingina shi ga Fulani ta wajen asali, ga Katsina ta wajen ƙasa, sannan ga wani gari mai suna Ɗan Ranko da ke cikin ƙasar Katsina.

Katsinar wancan zamani ba ƙaramin birni ba ce. Ita ce matattarar ayarin da ke ratso Sahara ta Agadas, da na fataken da ke zuwa Gwanja neman goro, kuma inda kasuwa ta kafu nan ilimi ke sauka, domin a kan raƙuman da ke ɗauko gishiri da tufafi ake ɗauko takarda da littattafai. Birnin ya riga ya yi suna da manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, ga kuma masallacin Gobarau wanda hasumiyarsa ke tsaye har yanzu.

A nan wajenmu kuwa, lokacin Gobirawa ba su kai ga gina Alƙalawa ba, sannan a daidai zamanin ne Agabba, Sarkin Agadas, ya rasa gadon sarautarsa a 1721 ya dawo ya zauna a Adar. Babu iyakar Nijar da Najeriya a lokacin. Mai fita daga Adar ko Gobir Tudu da jakinsa zai iya shiga Katsina ba wanda ya tambaye shi takarda. Kuma kowa ya san bayan jihadi zuriyar sarakunan Katsina ne suka zo suka kafa Maraɗi. Saboda haka in muka ce Malam Muhammadu namu ne, ba mu yi shisshigi ba.

NEMAN ILIMI

Malam ya yi karatunsa ne a nan ƙasashenmu kafin ya taka ƙasar Larabawa, kuma wannan abin lura ne ƙwarai. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu na Bagirmi, ƙasar da a yau take cikin Cadi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu.

Wajen Shehu Muhammadu Fodu ya karanci nahawu da sarfu da littattafan adabi. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanyar tafiya, kamar yadda almajiran da suka san abin da suka fito nema suke yi. Tun da fari malamin nasa yakan kira shi da laƙabin mai Muƙama, saboda yadda ya haddace wannan littafi mai wuyar kalmomi da har yanzu ake karantawa a zaurukanmu. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya koma kiransa Sibawaihi, wato sunan babban limamin nahawun Larabci. Malami bai cika ba almajirinsa irin wannan suna a banza ba.

Wajen Shehu Muhammadu Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, wato lissafi, da ilimin sanin lokuta ta hanyar rana da taurari bisa tsarin malaman Magrib, da ilimin haruffa da hatimi. Kada mai karatu ya manta, a zamanin da babu agogon hannu, babu kalanda a bango, wannan lissafi shi ne ake dogara da shi wajen sanin lokacin salla da alƙibla da rabon gado da fitar da zakka. Malamin da bai iya hisabi ba, in an kawo masa gadon mamacin da ya bar mata biyu da ƴaƴa da iyaye, sai ya nemi wanda ya iya.

HAJJI DA ZAMAN MAKKA

Da ya ga ya samu abin da zai samu a gida, sai ya ɗaura niyyar Hajji. Tafiyar Makka a wancan lokaci a ƙafa ce da bisa dabba, zango bayan zango, mutum na iya shafe shekaru a hanya, yana tsayawa yana sana'a ko koyarwa don ya samu guzuri. Malam ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakuna da malamai, a wani wurin ma sai da ya yi wata biyar yana ɗaukar karatu kafin ya ci gaba.

Ya yi aikin Hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, daidai da 1730, sannan ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ne ya soma rubuta babban littafinsa mai suna Addurrul Manzum, wanda ya shafi taurari da ɗalasimai. Bai kammala shi ba sai da ya sauka Masar, a watan Rajab na 1146.

ZAMAN ALƘAHIRA

Alƙahira a lokacin tana ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma masallacin Azhar shi ne babbar jami'ar duniyar Musulmi, inda ɗalibai daga kowace nahiya suke da masaukinsu, har da mutanen Barno. Baƙo daga ƙasar baƙar fata da ya shigo irin wannan birni, abin da aka saba gani shi ne ya zauna a sahun masu ɗaukar karatu. Malam Muhammadu kuwa sai ga shi a sahun masu bayarwa.

Ya fara zama a wata unguwa kusa da Azhar, daga baya ya koma gidan Shehu Hasan Aljabarti, wani babban malamin fiƙihu kuma masanin taurari da lissafi, wanda kakanninsa suka fito daga gabashin Afirka. Wannan Shehu Hasan, duk da matsayinsa, wajen Bakatsinen nan ya koyi ilimin hatimi da lissafin haruffa da alƙaluma. Ɗansa ne da kansa ya rubuta haka a tarihinsa.

Akwai wani abu game da wannan almajiri nasa da ya kamata ƴan kasuwa su ji. Shekaru bayan rasuwar Malam, wajen 1759, ma'aunan kasuwannin Alƙahira suka lalace, sikeli ya daina faɗin gaskiya, ana ta cutar mutane. Shehu Hasan ne ya tashi tsaye, ya tara maƙera, ya yi lissafi aka gyara ma'aunan, har ya rubuta littafi a kan haka. Duk wanda ya taɓa rigima a kan tiya ko buhun albasa da bai cika ba, ya san amfanin malamin da ya iya lissafi.

LITTATTAFANSA

Ban da Addurrul Manzum, Malam ya bar littafin nahawu mai suna Bulugul Arab. Ya kuma tsara waƙe a kan ilimin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, sannan ya yi masa sharhi mai kauri da kansa. Manɗiƙi shi ne ilimin daidaita tunani, wato sanin yadda magana biyu tabbatattu ke haifar da ta uku, da yadda ake gane hujjar da ta karkace. Mu riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Littafin da ya fi jawo hankalin masana lissafi kuwa shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732, a kan haruffa da hatimi. A ciki ya yi bayanin hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara, wato wanda kowane gefensa yake da gida 3 ko 5 ko 7, har zuwa 11.

A nan sai mu tsaya mu faɗi gaskiya. Malam Muhammadu ɗan zamaninsa ne, kuma a zamaninsa wannan lissafi a cakuɗe yake da neman asirai. Malaman Musulunci sun daɗe da saɓani a kan haka, tun Ibn Khaldun wanda ya rasu a 1406 ya soki ilimin sirrin haruffa. Hukuncin wannan ɓangare na malaman addini ne, su za a tambaya. Abin da ya shafe mu a wannan fili shi ne lissafin da ke ciki, wanda kowa zai iya gwadawa da tsinke a kan rairayi ya ga ya fita ko bai fita ba.

YADDA AKE CIKA HATIMI

Hatimi a wajen masu lissafi shi ne a shata murabba'i, a raba shi gida-gida, a zuba alƙaluma daga 1 zuwa sama ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda in an haɗa kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla ɗaya za a samu. Wanda bai san ƙa'ida ba zai iya kwana yana sharewa yana sakewa. Ga wata tsohuwar hanya da ke cikin littattafan Larabci na wannan fanni, irin waɗanda Malam ya tattara ya yi bayani.

Ka shata gida tara, uku-uku. Ka rubuta 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ƙa'ida uku ce kawai. Ta farko, kowane lokaci ka sauka gida ɗaya a karkace ta hannun dama, ka rubuta alƙalami na gaba. Ta biyu, in ka faɗa waje ta ƙasa sai ka ɓullo ta sama, in ka fita ta dama sai ka shigo ta hagu, kamar an naɗe tabarma bakinta ya haɗu da ɗaya bakin. Ta uku, in ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi, sai ka dawo inda kake ka sauka gida biyu a miƙe.

Mu gwada. 1 yana tsakiyar layin ƙasa. 2 ya faɗa waje ta ƙasa, ya ɓullo a kusurwar sama ta dama. 3 ya fita ta dama, ya shigo ta hagu a layin tsakiya. 4 zai faɗa gidan 1, don haka sai a sauka biyu daga 3, ya ɓullo a kusurwar sama ta hagu. 5 ya zauna tsakiya, 6 a kusurwar ƙasa ta dama. 7 zai faɗa gidan 4, sai a sauka biyu daga 6, ya tsaya a layin tsakiya ta dama. 8 ya sauka kusurwar ƙasa ta hagu, 9 ya cike tsakiyar layin sama. Ga abin da ya fito:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Duk ta inda ka haɗa, 15 za ka samu. Almajirai da yawa za su gane shi, shi ne musallasin da ake jingina wa Imamu Gazali. Abin sha'awa shi ne wannan ƙa'ida ba ta sauyawa komai girman hatimin, muddin gidajen gefensa mara ne. Mai gida biyar-biyar zai ba da 65 a kowane layi, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369, mai sha ɗaya-sha ɗaya kuwa, da gidajensa 121, zai ba da 671.

A nan akwai darasi ga ƴan kasuwa. In wani ya zo rumfarki, Hajiya, ya zana irin wannan a gabanki cikin ƙiftawar ido, ya ce alama ce ta yana da aljanu ko sirrin jawo ciniki, sai kin ba shi jikka kaza, to ki sani ɗanki na lakwal zai iya koyon wannan kafin a sauke tukunyar ƙosai.

ALAƘARSA DA NA'URORIN YAU

Mu sake duba abin da hannu yake yi wajen cika hatimin nan. Mai rubutun ba ya bukatar tuna duk tafiyar da ya yi a baya. Abu uku ne kawai ke gabansa: inda alƙalaminsa yake yanzu, abin da ya tarar a gidan gaba, da ƙa'idar da ke gaya masa inda zai nufa. Da waɗannan uku aiki zai kammala ko da mai yin sa bai san dalilin fitarsa ba. Duk aikin da aka iya tsara shi haka kuwa, ana iya ɗora wa inji.

Wannan shi ne abin da injiniyoyin lantarki ke kira na'ura mai ƙidayayyun zanguna. Zango a nan shi ne matsayin da na'urar take ciki a wani lokaci, kuma adadin zangunan sananne ne, ba ya ƙaruwa. Wani abu yakan shigo daga waje, kamar danna maɓalli ko jefa kuɗi, sai na'urar ta duba zangon da take da abin da ya shigo, ta wuce zango na gaba.

Ga misali da kuɗinmu. A ce an ƙera injin sayar da ruwan sanyi a kan dala ashirin, yana karɓar ƙwandalar dala biyar da ta dala goma kawai. Zangunansa huɗu ne: ba a saka komai ba, an saka biyar, an saka goma, an saka sha biyar. Yana zangon farko aka jefa biyar, ya koma na biyu. Yana na biyu aka jefa goma, ya tsallaka zuwa na huɗu. Yana zangon goma aka jefa goma, ya saki ruwa ya koma farko. Yana zangon sha biyar aka jefa biyar, ya saki ruwa. In kuwa goma aka jefa, ya saki ruwa tare da canjin dala biyar. Injin bai damu ba ko biyar-biyar uku aka saka ko goma da biyar, abin da ya riƙe shi ne yanzu sha biyar ke hannunsa. Haka mai tuwo-tuwo take yi da abokin cinikin da ke biya kaɗan-kaɗan: saura nawa, shi ne abin da ta riƙe a ka.

Misali na biyu yana cikin talhonka. Katin waya mai lambar sirri yana da zangon babu kuskure, da na kuskure ɗaya, da na kuskure biyu, da na kulle. In ka yi kuskure sau biyu sannan ka saka daidai, ya koma farko. In ka yi na uku ya rufe, sai an nemo lambar PUK. Haka ma tura kuɗi ta waya: ana tambayar lambar mai karɓa, da adadin kuɗi, da lambar sirri, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya yarda ka tsallake zango. Wutar danja ta kan titi ma haka take zagaya launukanta.

To yaya ƙarfe ke riƙe zango? Da ƴan ƙananan maɓallan lantarki da ko dai suna kunne ko suna kashe, ana rubuta su 1 da 0. Maɓalli biyu sun isa riƙe zango huɗu: 00, 01, 10, 11. Uku suna riƙe takwas, huɗu suna riƙe sha shida. Babbar wayar zamani tana ɗauke da biliyoyin irin waɗannan maɓallai a cikin abin da bai wuce farce ba.

Wannan fanni ya ginu ne a hankali. A 1854 wani Bature ɗan Ingila, George Boole, ya nuna cewa ana iya rubuta manɗiƙi da alamomin lissafi, gaskiya ta zama 1, ƙarya ta zama 0. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa maɓallan lantarki na iya aiwatar da lissafin Boole. A 1954 David Huffman ya fitar da hanyar tsara na'urori masu tuna zangonsu. Sai George Mealy a 1955 da Edward Moore a 1956, dukansu ma'aikatan ɗakin binciken kamfanin talho na Bell, suka kawo tsari biyu da har yau ake kiransu da sunayensu. A tsarin Moore, abin da na'ura za ta fitar ya dogara ne ga zangon da take kawai, kamar danja. A na Mealy kuwa ya dogara ga zango da abin da ya shigo, kamar injin ruwan nan da sai ya ga irin kuɗin da aka jefa kafin ya san ko akwai canji.

Ba muna cewa Malam Muhammadu ne ya ƙago kwamfuta ba, domin ya rasu tun kafin a san wayar lantarki, kuma waɗancan Turawa ba daga littafinsa suka ɗauko ba. Abin da muke nunawa shi ne, ginshiƙai biyu da wannan fanni ya tsaya a kansu, wato manɗiƙi da tsara aiki bisa ƙa'ida mataki-mataki, duka biyun Malam ya yi rubutu a kansu, kuma a ƙasashenmu ya fara koyonsu.

Ɗalibin da ya shiga sashen lantarki a makarantar EMIG ta Yamai, ko jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da takarda da alƙalami yake fara wannan darasi. Zai zana da'ira ga kowane zango, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan, ya rubuta abin da ke sa a bi kowace kibiya. Sannan ya mayar da zanen jadawali, ya ba kowane zango lambarsa ta 0 da 1, daga ƙarshe ne zai taɓa waya. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne mantawa da wata kibiya: in aka jefa jabun kuɗi fa, in mai saye ya fasa yana son kuɗinsa fa? Na'urar da aka manta wa hanya ɗaya takan tsaya cik, ko ta cinye kuɗin mutane. Ƙa'idar hatimin nan ta fita ne saboda ta tanadi amsa ga kowane hali: gida a buɗe, gida a cike, ko faɗawa waje.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Allah Ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a Alƙahira a 1154 bayan Hijira, daidai da 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, bai samu komawa Katsina ba. Kafin rasuwarsa ya naɗa Shehu Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shi ne kuma ya rufe shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, wato lambun malamai, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa a 1753, bai riski Malam da rai ba, amma ya taso a gidan da littattafansa suke, shi ya sa ya ba shi wuri a cikin tarihinsa tare da manyan malaman Masar. A ƙarni na 20 an buga Addurrul Manzum a Alƙahira. A 1967 wani masani ɗan Kano, Hassan Ibrahim Gwarzo, ya wallafa bincike a Ibadan a kan lissafin haruffan Malam. A 1973 kuma wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa na hatimi a cikin littafinta kan lissafin mutanen Afirka, bisa wani kwafin rubutun hannu da ke ajiye a Landan. Daga nan sunansa ya shiga littattafan koyarwa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Ɗan Ranko ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko shi ne littattafan da ke gidajenmu. A zaurukan malamai da yawa a Adar da Gobir akwai tsofaffin takardu cikin gafaka, gara na ci, ruwan damina na jiƙawa, magada kuma ba su san abin da ke ciki ba. Da Shehu Hasan bai riƙe amanar littattafan baƙonsa ba, da yau ba mu da abin faɗa a kansa. Wanda ya gaji irin waɗannan takardu ya ɗaga su daga ƙasa, ya nemi masana su duba.

Na biyu shi ne ƴaƴanmu. Yarinyar da ke riƙe wa uwarta lissafin adashe na mutum ashirin a ka, ta san wanda ya zuba da wanda zai kwasa, da yaron da ke lissafa kuɗin buhu ɗari na albasar Galmi tun kafin mai mota ya gama ɗaure igiya, suna da ƙwaƙwalwar da wannan fanni ke nema. Abin da ke raba su da injiniya shi ne shekarun karatu. Cire yaro daga aji saboda ribar kasuwar mako ɗaya, ko aurar da yarinya tana tsakiyar karatunta, ciniki ne da ya kamata a zauna a yi masa lissafi sosai kafin a ƙulla. Duk na'urar da muke saye da tsada daga waje, da mai gyaran da muke jira ya zo daga Yamai ko Kano, wani ne ya bar ɗansa ya yi karatun.

Malam Muhammadu ya haɗa nahawu da manɗiƙi da hisabi a ƙirji ɗaya, bai ga ɗayansu ya hana ɗaya ba, kuma da su ya samu wurin zama a tsakiyar malaman Azhar. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.